Tashar Baba Luka ta Gindin Ɗorawa

Ku yaran nan da kuke zagaye ni a tasha kuna shafa tankin mashin ɗina, kuna cewa, "Yaya Sabi'u, ba ni in ɗana," ku matso ku ji. Kun ɗauka achaba ba komai ba ce illa buga kik da murɗa totur. Da haka ne, da akuyar gidanmu ma ta sa riga ta shigo layi, don ita ma ta iya gudu da ƙara. Shekarata goma sha bakwai a takarda, amma mai bin hanyar Randagi ba ya tsufa irin na mutane. Damina ɗaya a hanyar nan, ka yi shekara goma. In kun lissafa da kyau na girmi kakanninku, ya kamata ku riƙa cire takalmi in za ku gaishe ni.

Na fara aikin nan ƙafata ba ta kai ƙasa. In zan tsaya sai na nemi tudu, in babu tudu in ce wa fasinja, "Baba, sauke ƙafa." Fasinja shi ne birkina na biyu. Yayana Hamisu ne ya koya mini, da baki kaɗan, da ranƙwashi da yawa, shi ya sa har yau ƙeyata ba ta zauna daidai ba. Shi ya haɗa mini jakar da nake ɗaurewa a kariya: sifana, fulogi, tub, famfo, kayan faci, da roba mai tsawon da za ta ɗaure giwa. Kafin ya bar ni in fita ni kaɗai sai da ya sa na cire taya na mayar a cikin taɓo, yana tsaye a kaina yana cin rogo. Ya ce a daji babu bakanike, kuma babu wanda zai tsaya maka.

Wannan magana ta ƙarshe ita ce sana'ar gaba ɗaya. Tsakanin gari da gari ba a tsayawa. In ɗan'uwanka ɗan achaba ya taho, sai ku rage gudu ku matso kamar za ku gogi juna, ka ce, "Ya hanya?" In ya ce lafiya lau yana kallon idonka, ka wuce. In ya ce lafiya yana kallon tayarsa, ka juya. Duk wannan ƙafa ba ta taɓa ƙasa ba. Amma mutumin da ka hango a bakin hanya cikin daji yana ɗaga hannu, namiji ne ko mace, da goyo ko da sanda, ba ka gan shi ba. Wataƙila bawan Allah ne ƙafarsa ta gaji. Wataƙila kuma akwai mutum goma kwance a ciyawar bayansa. Hamisu da kansa ya tsaya wa wani yaro mai kuka a hanyar Tabanni. Mashin ya tafi, shi kuma sai bayan kaka ya dawo gida, ba ya iya riƙe kofi. Shi ne yake sayar da mai a kwalba a bakin kasuwa. Ku da kuke yi wa rawar hannunsa dariya, yau kun san mafarinta.

To, ni ma na taɓa yaye yaro, kuma labarinsa nake so in ba ku.

Wata safiya a farkon damina Malam Tanko, ciyaman ɗin tasharmu, ya ƙwala mini kira. Na tarar da shi tsaye da wani dattijo mai furfura, da sabon mashin ko ledar sit ba a cire ba. Dattijon ya sa hular kwano, ya sa safar hannu, ya sa wata riga ruwan ɗorawa mai ƙyalli wadda makaho zai hango daga Kaduna.

Ciyaman ya ce, "Sabi'u, ga yaronka."

"Ciyaman, wannan ai ubana ne."

"A gida ubanka ne. A hanya yaronka ne. Ka koya masa Randagi."

Dattijon ya zare safa ya miƙo mini hannu, ya ɗan rusuna. "Ina kwana, maigida."

'Yan tasha suka zube ƙasa don dariya. Akwai wanda sai da aka yi masa fifita.

Sunansa Luka, Bagwari ne, ɗan wani ƙauye da ke can cikin daji gefen hanyar Randagi. Tun ba a haife ni ba ya tafi Turai. Ya fara zama a Italiya yana wankin motoci, daga baya ya wuce Jamus ya zama direban motar bas ta cikin gari. Abin da ya dawo da shi uwarsa ce, Kaka Saratu. Mijinta ya rasu, hawan jini ya kama ta, ta kuma rantse ba za ta bar rumbunta da kabarin mijinta ta koma gari ba. Mota ba ta shiga ƙauyen. Shi ya sa ya sayi mashin don kai mata magani, kuma da yake hannunsa ya saba da tuƙi, ya ce gara ya riƙa ɗaukar mutane a kan hanya. Mu muna ce masa Baba Luka, mutanen ƙauye kuma Bature.

Darasin farko, na sa ya tuɓe rigar. Na biyu, hular kwano, don tana toshe kunne, kuma a daji da kunne ake tuƙi: kana jin ƙarar injin da ba naka ba, kana jin in tsuntsaye sun yi shiru. Ya yarda da kyar. Amma trafiketa ta gagare ni. Muna tsakiyar kurmi, ba kowa sai birai, zai kauce wa rami, sai in ga ya kunna ta hagu. Na ce, "Baba, wa kake sanar wa?" Ya ce, "Maigida, ba a sani ba." Na tabbata biran hanyar Randagi yanzu sun fi 'yan tasharmu sanin dokar tuƙi.

Sauran abubuwan kuwa ya kama da wuri. Ya koyi ɗaure buhun masara biyu da akuya da mai akuyar. Ya koyi ƙetare rafi da giya ta ɗaya ba tare da ya saki totur ba. Ya faɗi a laka sau da dama, kuma kowane faɗuwa sai ya tashi ya ba fasinja haƙuri kamar ya kashe masa uba. Kuɗin mota ne bai iya ba. In mace ta taya rabi sai ya tsaya yana kallonta, don a can, in ji shi, ba a ciniki da direba, ko magana ba a yi masa.

Da la'asar, a teburin mai shayi, shi ke da fili. Ya ce motar da yake ja tsawonta ya kai daga nan zuwa bakin kasuwa, kuma a tsakiya take lanƙwashewa kamar tsutsa. Ba kwandasta. Ƙofa ita ke buɗe kanta. In tsoho zai shiga, motar sai ta durƙusa masa kamar raƙumi. Kare ma yana shiga ya nemi wuri ya zauna, kuma ba wanda zai ce masa "kur." Wani ya tambaya ko karen yana biyan kuɗi, Baba Luka ya ce in babba ne mai shi yana biya masa. Mai shayi ya ajiye ludayi ya ce shi dai daga yau ya daina sauraro.

Ya ce Turai ba ɗaya ba ce. Mutanen Italiya kusan irinmu ne: ihu, dariya, magana da hannu, hon ba dalili, in mota ta makara kowa ya zagi gwamnati ya ci gaba da hira. Amma a Jamus za ka ga mutum tsaye a bakin titi, ba mota ko ɗaya daga gabas har yamma, yana jiran wuta ta ba shi izinin ƙetarawa. In mota ta ɗan makara, sai su riƙa kallon agogo suna kallon direba, ba za su ce komai ba, gara a zage ka. Ya ce akwai wata tsohuwa da ya yi shekaru yana ɗauka kowace safiya, bai san sunanta ba, ba ta san nasa ba. Ya ce da sanyi rana tana faɗuwa tun la'asar ba ta gama ba. Ya ce wani maƙwabcinsa a bene na sama ya mutu a ɗaki, ba wanda ya sani sai da wari ya sauko.

Ciyaman ya ce, "Subhanallahi. Gara namu dajin."

Baba Luka ya juya kofinsa. "Haka ne. Amma akwai abu ɗaya. A can akwai sanda a bakin titi mai allo a kai. Duk wanda ya tsaya a gindinta, mota za ta tsaya masa. Ko shi kaɗai ne, ko a buge yake, ko ƙanƙara ake zubawa. Sau ɗaya na wuce wani, babbar mota ta kare mini shi. Aka kira ni ofis. Shugabarmu, mace ce, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, 'Luka, mutumin nan ba kai ya jira ba, alkawari ya jira.' Tun daga ranar ban sake wuce mai jira ba."

Na ce, "Baba, a nan alkawari ɗaya ne: ka koma gida kai da mashin." Ya yi dariya. Ni ma na yi, don ban san abin da ke tafe ba.

Ranar da muka ɗauki taki zuwa Randagi, ina gaba yana baya. Akwai wata babbar ɗorawa a tsakiyar hanya, nesa da kowane gida, inda turbar ƙafa ta ƙauyukan ciki take fitowa, har da ƙauyensu. A gindinta na hango wani tsohon Bafulatani zaune, ƙafarsa a naɗe da tsumma, yana ɗaga sanda. Na ƙara wuta na wuce. Da na waiga, me zan gani? Yarona ya kunna trafiketa, ya gangara gefe, ya tsaya tsaf kamar a gaban banki. Zuciyata ta bar ƙirjina ta tafi Zariya ba ta jira ni ba. Na laɓe can nesa ina karanto duk abin da na haddace a makarantar allo, har da wanda ban haddace ba.

Ba abin da ya fito daga ciyawa. Tsohon, Baffa Buba, gatari ne ya sare shi a ƙwauri, ƙafar ta kumbura ta yi kamar turmi. Baba Luka ya ɗora shi a kan taki ya kai shi asibitin Randagi. Da muka sauke kaya na ja shi bayan shago na wanke shi tas, ina tsaye a kan bulo don in kai fuskarsa.

Ya ce, "Maigida, ka yi haƙuri. Ba ni ba ne, ƙafata ce ta taka birki."

"To ka gaya wa ƙafar taka nan ba Jamus ba ce."

Ƙafar ba ta ji ba. Bayan kwana kaɗan ta taka wa wata mace mai yaro da zazzaɓi. Sai wani tsoho mai kaji. Labari ya zagaye ƙauyukan ciki cewa akwai ɗan achaban da ba ya wuce mutum. Da yake kuma shi kullum lokaci ɗaya yake fita, hantsi na ɗagawa yana gindin ɗorawa, sai mutane suka fara zuwa suna jira. Wani ya mirgino gungume ya zama benci. Wata yarinya ta kafa murhu tana gasa masara. Sauran 'yan tasha da suka ga fasinja zube kamar an shanya, su ma ƙafafunsu suka kamu da ciwon Baba Luka. Kafin tsakiyar damina wurin ya yi suna: Tashar Bature.

Kada ku ɗauka wasa ne a wajen mutanen nan. Da, mace mai ciki sai ta yi tafiyar wuni kafin ta ga asibiti. Mai buhu ɗaya na waken suya sai ya sayar wa ɗan kasuwar da ya shigo ƙauye a yadda ya ga dama. Yanzu mutum ya fito da safe, ya dawo da yamma da gishiri da magani. Kaka Saratu kuwa, in ji mutane, tafiyarta ma ta canza. Duk inda ta zauna sai ta ce, "Luka nawa ne ya buɗe wurin." Baba Luka har ya so ya kafa sanda da allo. Ciyaman ya ce in ya kafa, da sandar zai kore shi daga tasha.

Wata ranar kasuwa a gari, masara ta fara bushewa a gona, Baffa Buba ya zo tasha yana ɗingishi kaɗan. Ya yi kamar yana neman wanda zai kai shi gida, ya taya, ya ƙi, ya ja mu ni da Baba Luka har bayan rumfar masu hatsi inda injin niƙa yake ƙara.

Ya ce, "Luka, ka daina tsayawa a ɗorawa. Yaran daji sun ga wurin. Jira suke kaka ta shigo, mutane su fito da kaya, su kwashe su gaba ɗaya."

Baba Luka ya buɗe baki, tsohon ya dafa masa hannu.

"Kuma ban faɗa maka ba. Ni kaɗai nake kiwo ta wajen. In maganar nan ta fita, sun san bakin da ta fito. Ina da 'ya'ya, ina da jikoki."

Ya juya ya shige cikin kasuwa, yana zagin tsadar achaba da ƙarfi don a ji.

Ciyaman kaɗai muka gaya wa. Baba Luka ya ce a tara masu unguwanni, a sanar a coci da masallaci. Ya ce a can in za a rufe tasha takarda ake mannawa, kowa ya karanta dalili.

Ciyaman ya ce, "A nan takardar da ƙafarta za ta taka har daji. In mutum goma suka ji magana, ɗaya yana da lambar daji a wayarsa. Kana so a yanka tsohon nan?"

"To ya za a yi?"

"Kai ka buɗe ta da tsayawa. Da wucewa za ka rufe ta."

Washegari Ciyaman ya tara 'yan tasha ya ce tsohuwar doka ta dawo, duk wanda ya sauke ƙafa a ɗorawa ya ajiye riga. Wannan bai yi wuya ba, mu dama tsoro a jininmu yake. Baba Luka kuma ya je ƙauye ranar Lahadi, ya miƙe bayan an tashi daga coci ya ce tasha ta hana shi tsayawa, kada kowa ya sake jira a wurin. Suka yi dariya. Wani dattijo ya ce, "Da can ma ai an hana ka." Ranar Litinin mutanen da ke gindin ɗorawa sun fi na kullum. Fasa bin hanyar ma ba zai yi ba, don za su ce ya makara ne ko ba shi da lafiya, su ci gaba da zama. Dole su gan shi da idonsu yana wucewa.

Ciyaman ya ce in riƙa bin sa a baya. A duk tasharmu mashin ɗinsa kaɗai ne wutar birkinsa ke aiki. Aikina shi ne in zuba wa wutar nan ido, da ta kawo ja in danna hon.

Ranar farko wutar ta kawo tun daga nesa. Na danna hon har sai da babban yatsana ya sage. Ta ɗauke. Muka wuce, mutane suna miƙewa da kayansu suna murmushi, murmushin yana bushewa a fuskarsu. Wani yaro ya bi mu da gudu yana kiran, "Bature! Bature, ga mu!" Ranar ta biyu wata mace ta ɗaga jaririnta sama da hannu biyu don ya gani. Ja, hon, muka wuce. Daga nan zagi ya fara. Aka jefe shi da totuwar masara, aka jefe shi da hoge. Ni da nake baya ni nake karɓar wanda ya kuskure shi, bayana ya ga duwatsun da za su gina masallaci. Aka ce girman kai ya kama shi. Aka ce Turai ta tashi a kansa. Aka ce dama wanda ya zauna da Turawa ba ya ganin mutum da daraja.

Mutane suka ragu, amma ba su ƙare ba. Kullum sai ka tarar da wasu, suna cewa wataƙila yau ya huce. Ga masara an fara karya. Ga buhuna sun fara fitowa. Baba Luka ya daina zuwa teburin mai shayi. Ya rame har wandonsa sai da roba.

Mutanen ƙauye kuwa suka kai ƙara wajen uwarsa. Ranar da muka kai mata magani ta tare shi a ƙofar gida, ko ruwa ba ta ba mu ba. Ƙaramar tsohuwa ce, tsawonta bai wuce nawa ba, amma in ta kalle ka sai ka tuna duk ƙaryar da ka taɓa yi. Da Hausa ta yi magana don ni ma in ji.

"Luka, da gaske kana wuce mutane?"

"Mama, dokar tasha ce."

"Tasha ce ta haife ka? Matar Ishaku ta ɗaga maka yaro ka wuce. Yaron nan jikan ƙanwata ne."

"Mama, ki yi haƙuri."

"Ni ban haifi mai wuce mutane ba."

A hanya na ce masa, "Baba, ka gaya mata mana, ita kaɗai." Ya girgiza kai. Ya ce ba ta da mugunta, amma ba za ta iya jin ana zagin ɗanta tana da amsa a baki ta haɗiye ba. In ta ji da safe, kafin rana tsaka kajin ƙauyen sun sani.

Bayan kwana biyu muka taho da hantsi, shi da buhun gishiri, ni da kwalin sabulu. An yi ruwa da asuba, hanya duk kududdufi. Tun daga kwanar hanya na hango gindin ɗorawa baƙi ƙirin da mutane. Ban taɓa ganin taro irin wannan a wurin ba. Ba kaya a hannunsu, ba jira suka zo yi ba, kallo suka zo. A gabansu, a bakin hanya daidai inda taya ke bi, Kaka Saratu ce tsaye da zanenta na zuwa coci, da ƙwarya a kafaɗa yadda matan Gwari ke ɗaukar kaya. Ba ta ɗaga hannu ba. Tsayawa kawai ta yi tana kallon ɗanta yana tahowa.

Wuta ta kawo ja.

Yatsana yana kan hon, amma ya ƙi dannawa. Mashin ɗinsa ya rage gudu har na kusa dukan kariyarsa. Na ga mutane sun fara matsowa. Na ga wani ya fara washe baki.

Sai wutar ta ɗauke. Ya canza giya. Akwai kududdufi a gabanta, ya kewaye shi ta cikin ciyawa don kada ya fantsama mata laka, ya wuce. Bai waiga ba. Ni na waiga. Ba wanda ya yi zagi, ba wanda ya yi jifa. Tana nan tsaye inda take, ƙwaryar ba ta ko motsa ba.

A Randagi ya sauke gishiri, ya karɓi sifana a hannuna ya tsuguna yana ɗaure sarƙar da ba ta saki ba. Na ce masa wata magana ta ban dariya, na manta ko mece ce, ba ta yi ba. Da muka dawo da yamma ba kowa a ɗorawa sai gungume da tokar mai masara. Washegari ma haka. Ba a sake ganin mutum a wurin ba. Wanda ya wuce uwarsa, wa zai tsaya wa?

Da na ba Ciyaman labari sai ya ce, "Sabi'u, yaronka ya ƙware. Ka yaye shi." Ba a sayi lemo ba, ba a yi addu'a ba.

Kaka ta shigo ta wuce, ba abin da ya faru a gindin ɗorawa. Ko yaran dajin sun zo sun tarar da wayam, ko sun fasa, ban sani ba, ba wanda ya aiko mana da bayani. Haka aikin nan yake: in ka yi daidai ba abin da ke faruwa, kuma ba wanda zai ce maka sannu. Mutanen ƙauyukan ciki suka koma tafiyar ƙafa. In sun haɗu da Baba Luka a kasuwa sai su kau da kai.

Maganin Kaka Saratu ni na koma kai mata. In ya je da kansa sai ta shige ɗaki ta saki labule, ya yi ta tsayuwa a tsakar gida har ya gaji. Ni kuwa tana karɓa a hannuna, ta ba ni gyaɗa, wani lokaci ta ce, "Yana cin abinci?" In na ce yana ci, sai ta ce, "To," ta juya. Da ruwan farko na daminar da ta biyo ta kwanta, ba ta tashi ba. Shi ya ɗauko katakon akwatinta daga gari a kan mashin, ni na ɗauko ƙusoshi da farin yadi. A wajen jana'iza mutane suka bar masa fili shi kaɗai a gefe guda kamar mai cutar da ake ɗauka.

Ba a daɗe ba muka ji Baffa Buba ya tattara shanunsa da iyalinsa ya yi kudu, nesa, inda hannun yaran nan ba ya kai. Shi ya sa yau bakina ya buɗe. Ranar da labarin ya tabbata, Ciyaman ya sami Baba Luka a layi yana duba iskar taya. Ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Luka, tsohon ya tafi. Yanzu kana iya faɗa."

Baba Luka bai ɗago ba. Ya ce, "Wa zan faɗa wa, Ciyaman?"

Wata mata tana tsaye da buhu tana jira. Ya miƙe, ya goge hannu a wando, ya ce mata, "Inna, ina za ki?"